Gonar Uba Da 'Ya Mace: Abin Da Ya Faru A Kano

Yau zancen gado za mu yi. Sau da yawa idan mai gida ya rasu sai ki ji an ce ai bai bar wasiyya ba, daga nan sai wani daga cikin dangi ya rungume takardun gida da na gona, wai shi ne babba. To a shari'ar Musulunci rashin wasiyya ba ya hana rabo. Ko da mamaci ya yi wasiyyar, ba ta wuce sulusin dukiyarsa, kuma ba a yi wa magaji. Kason kowa yana nan a Suratun Nisa'i.

Bari mu koma asali. A zamanin jahiliyya Larabawa ba sa ba mace gado, haka ma ƙaramin yaro, sai wanda zai iya ɗaukar makami. A shekara ta 3 bayan hijira aka yi yaƙin Uhudu, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Ɗan uwansa ya kwashe dukiyar kaf. Matar ba ta yi shiru ba, ta kama hannun 'ya'yanta ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW). Da ayoyin gado suka sauka, aka ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, uwarsu ta sami tumuni, baffan ya ɗauki ragowar.

A nan ƙasar Hausa ma an sha fama. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙi, har da ƙwace dukiyar wanda ya mutu a ƙasarsu da sunan gado. Amma labarin da na fi so ki riƙe na Kano ne, don bai yi nisa ba. A 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona. Dalilin da aka bayar shi ne wai mace in ta mallaki gida sai ta ƙi zaman aure, ta shiga zaman kanta. Ni dai wannan hujja ba ta taɓa kwanta mini ba, don saboda laifin da ake zargin wasu ƙalilan aka hana dubban mata haƙƙinsu. Shekara 31 aka yi a haka. Yarinyar da aka haifa lokacin da dokar ta fito ta yi aure, ta haihu, har ta kusa aurar da 'yarta ba ta taɓa ganin alƙali ya yanka wa mace gona ba. Sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke hanin, yana mai nuni da halin tsofaffin mata da ba su da abin hannu, ba su da mai tallafa musu.

Doka ta tafi, amma sabo ya rage. Har yau za ki ji ana cewa mace ba ta gadon ƙasa, ko a ce a bar kasonta a hannun yayanta tunda tana cikin kulle, ba noma za ta yi ba. Kulle bai soke mallaka ba. Kina iya ba da gonarki haya ko aro, ki naɗa wakili, ko ki sayar da yardarki.

Yadda rabon yake kuwa, ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, kuma sadakin da bai gama biyanki ba bashi ne. Sannan wasiyya in akwai. Matar mamaci tana da tumuni in ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i in bai bari ba. Idan abin da ya rage naira 800,000 ne kuma akwai 'ya'ya, tumuni 100,000 ke nan, in ku huɗu ne kowacce 25,000. 'Ya ɗaya tilo rabi take ɗauka, in da ɗan uwanta namiji ta sami rabin nasa. Wannan lissafi ya hau kan kuɗi da dabbobi da gida da gona baki ɗaya. In an ƙi raba wa, kotun shari'a tana karɓar ƙarar gado daga mace, ko da ta bakin wakilinta ne.