Dilar Audugar da Ta Kai Fursuna Kotun Ƙolin Amurka

Ranar 9 ga Nuwamba, 1973, wata dilar auduga ta faɗo wa wani fursuna mai suna J.W. Gamble yana sauke kaya daga mota a wani gidan yari na jihar Texas. Ya yi ta kukan ciwon baya. Likitoci suka ce targaɗe ne, suka ba shi maganin kashe zafi, daga baya suka ce ya koma aiki. Da ya ƙi, sai aka kulle shi shi kaɗai.

A watan Fabrairun 1974 ya rubuta ƙara da hannunsa, ba lauya, ya aika wa kotun tarayya. Ya dogara ne da wata doka ta 1871 da ta ba mutum damar ƙarar jami'an jiha idan sun tauye masa haƙƙi. Alƙali bai ko jira martanin waɗanda ake ƙara ba, ya yi watsi da ita. Kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita, sai shugaban gidajen yarin jihar, W.J. Estelle, ya garzaya Kotun Ƙoli.

Hukuncin ya fito ranar 30 ga Nuwamba, 1976, da alƙalamin Mai Shari'a Thurgood Marshall. Ya ce wanda gwamnati ta tsare ba shi da halin nemo wa kansa magani, don haka jami'in da ya san fursuna na fama da ciwo mai tsanani ya kau da kai da gangan, ya saɓa wa gyara na takwas na tsarin mulki, wanda ya haramta azabtarwa. Sai dai sakacin likita kawai bai kai nan ba. Kuma abin da ya kayar da Gamble yana cikin rubutunsa ne: da hannunsa ya lissafa yadda ma'aikatan lafiya suka duba shi sau 17 cikin wata uku. Rashin ɗaukar hoton bayansa, in ji kotu, shawara ce ta likita. Da lauya ne ya tsara ƙarar, da wuya ya miƙa wa abokan shari'a wannan sandar. Mai Shari'a John Paul Stevens ne kaɗai ya ƙi yarda.

Sauran ƙarar ma ta mutu a kotun ɗaukaka ƙara a 1977. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Gamble bai samu ko sisi ba, amma da hukuncin shari'arsa fursunoni ke kafa hujja har yau.

A 1996 majalisar dokokin Amurka ta ƙuntata wa fursunoni hanyar kai ƙara, bisa zargin cewa ƙararrakin banza sun cika kotuna. Yanzu dole fursuna ya fara bin duk matakan koke na cikin gidan yari, ya kuma biya kuɗin shigar da ƙara ko da kaɗan-kaɗan. Wanda aka kori ƙararsa sau uku don rashin tushe, sai ya biya duka nan take, in ba lafiyarsa ce ke cikin haɗari na kusa ba.