Dreamcast a Bakin Tafkin Kainji: Tarihin Gidan Gem da Na'ura Mai Gajeren Kwana

Masu rubuta tarihin ƙasar Yawuri, Allah ya saka musu da alheri, sun yi mana bayani mai gamsarwa a kan Gungawa da tsibiransu, da fataken goro masu ƙetare Kwara a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, da yadda sarauta ta bar Birnin Yawuri har daga bisani ta zauna a Yelwa. Amma ba su sunkuyo sun dubi wata 'yar ƙaramar sana'a ba, wadda duk da ƙanƙantarta ta cinye yammacin samari masu ɗimbin yawa a shekarun da suka kewaye 2000, wato sana'ar gidan gem. A cikin tarihin wannan sana'a kuwa akwai wata na'ura mai suna Dreamcast, wadda ta zo a makare, ta tafi da wuri, kuma duk da haka waɗanda suka taɓa riƙe ta har yau suna ambatonta da wani irin bege da ba su yi wa waɗanda suka fi ta daɗewa.

Tilas a fara da maganar wuta, domin ita ce ruhin al'amarin. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da gonakin albasa na bakin kogi, aka tashi mutane kimanin 44,000, galibinsu Gungawa da Kambari da maƙwabtansu, aka mai da su sababbin matsugunai. Wanda ya ji wannan sai ya zaci cewa mutanen da suka sadaukar da ƙasar kakanninsu domin a sami lantarki su ne za su fara ƙoshi da ita. Alhali kuwa manyan wayoyi sun ɗauki wutar sun wuce da ita Birnin Kebbi, daga can har Yamai ta ƙasar Nijar, a wancan lokacin ƙauyukan Ngaski da na Shanga da yawa suna nan da fitilar ƙwai, Yelwa kanta kuwa sai yadda NEPA ta ga dama. Saboda haka gidan gem a wannan yanki tare da janareto aka haife shi, kuma mai gidan, kafin ya lissafa ribarsa, sai ya fara cire kuɗin man fetur.

Asalin sana'ar daga ƙananan na'urorin nan ne masu cin kaset, waɗanda aka kwaikwayo daga Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983. Jabu ne, daga Taiwan da Sin, suna zuwa da kaset mai ruwan ɗorawa wanda ke da'awar yana ɗauke da wasanni dubbai, alhali in ka bincika 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sababbin sunaye. A nan yara suka san Mario da Contra da bindigar harbin agwagi. Bayansu Mega Drive ta kamfanin Sega ta shigo, da Sonic da Mortal Kombat, kuma ita ce ta fitar da wasan daga ɗakin 'ya'yan ma'aikata ta kai shi shago, domin faɗa tsakanin mutum biyu yana tara 'yan kallo, 'yan kallo kuwa su ne masu biya na gaba. Kayan suna sauka a Alaba ta Ikko ko a Kwatano, su hau motocin da ke bin babbar hanya ta Jebba da Kwantagora har Yelwa, wasu kuma su biyo ta Sabon Garin Kano. Tsarin shagon bai da wuya: benci, talabijin a kan tebur, labule a ƙofa, da ƙa'ida guda wadda kowa ya yarda da ita ba tare da an rubuta ta ba, cewa wanda aka ci shi ne zai miƙa wa na bayansa. Iyaye da malaman allo ba su taɓa yin na'am da wurin ba, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin lagawu ne mai shagaltar da yaro daga karatu da sallar la'asar, kuma inda aka fara cewa wanda aka ci ya biya, to an kusa shiga haramin caca.

Ana cikin haka, can a Japan, kamfanin Sega yana cikin tsaka mai wuya. Na'urarsa Saturn, wadda ya fitar a 1994, ta sha kashi a hannun PlayStation ta Sony, har amincin da ke tsakaninsa da 'yan kasuwa da masu ƙirƙirar wasanni ya yi rauni. Don haka ya tattara abin da ya rage masa na dukiya da hikima ya zuba a na'ura guda, wato Dreamcast, wadda ya fitar ranar 27 ga Nuwamba 1998 a Japan, da 9 ga Satumba 1999 a Amurka a kan dala 199, da 14 ga Oktoba na wannan shekarar a Turai. Fara ce, 'yar madaidaiciya, da tambarin da ya nannaɗe kamar gammo, da ƙofofi huɗu na maƙala abin riƙewa a maimakon biyu da aka saba, kuma an haɗa ta da na'urar shiga intanet ta wayar tarho tun daga masana'anta, abin da manyan abokan hamayyarta ba su yi ba a lokacin. Hatta ɗan katin ajiyarta yana da nasa ƙaramin allo da maɓallai, ana iya zare shi a sa a aljihu. A yini guda na farko an sayar da fiye da 225,000 a Amurka, har mutane suka ce Sega ta farfaɗo.

Sai dai ajali ba ya duban kyau. Sony ta riga ta cika duniya da labarin PlayStation 2 tun kafin ta fito, jama'a suka riƙe kuɗinsu suna jira, da ta fito kuma a watan Maris na 2000 sai ga shi tana kunna faifan fim na DVD, a zamanin da injin DVD shi kaɗai yake da tsada. Sega ta rage farashi, ta sake ragewa, asara na ta hauhawa, har ranar 31 ga Janairu 2001 ta yi shelar cewa za ta daina ƙera na'urar a ƙarshen Maris, kuma ta fita daga sana'ar ƙera na'urori baki ɗaya. Jimillar abin da aka sayar a duniya miliyan 9.13 ne, PlayStation 2 kuwa daga baya ta haura miliyan 150. Shugaban kamfanin Sega, dattijo Isao Okawa, ya ba da kyautar dukiyarsa ta kansa ta kimanin yen biliyan 85 domin kada kamfanin ya durƙushe, sa'an nan ya rasu a watan Maris ɗin nan da aka rufe ƙera ta.

To, a nan ne tarihinmu ya saɓa da na mutanen Tokyo da Landan, domin su sun san ta tana sabuwa suka yi jimamin mutuwarta, mu kuwa mutuwar tata ce ta kawo mana ita. Muddin tana kan dala 199, ba mai shagon gem a Yelwa ko Wara da zai yi mafarkinta. Amma da aka karyar da farashinta ya koma ƙasa da dala 50 a ƙarshen 2001, Turawa kuma suka fara zubar da nasu domin su sayi sabuwar Sony, sai ta bi sahun tsofaffin firji da talabijin da rediyon mota a cikin kwantenonin kayan gwanjo. Ba ta taɓa yin yawa a nan ba, ɗai-ɗai ce, kuma kowace da irin jarrabawar da take tafe da ita. Wadda ta fito daga Amurka ko Japan an yi ta ne domin wuta mai ƙarfin 100 zuwa 120, tamu kuwa ta ninka haka, don haka duk wanda ya yi gaggawar maƙala ta a bango ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ƙauri kawai zai ji. In ta tsira daga wannan, sai ta nuna hoto baƙi da fari a talabijin ɗinmu, saboda tsarin launinsu dabam ne da namu. Masana sun gane cewa mai shuɗin tambari, ta Turai, ita ce ta dace da mu. Na'urar intanet ɗin da aka yi ta alfahari da ita kuwa ba ta tsinana komai ba, domin layukan NITEL na ƙasar nan duka ba su wuce rabin miliyan ba a lokacin, wayar salula ma sai a watan Agusta na 2001 ta fara. Wasan Phantasy Star Online, wanda ya haɗa 'yan Japan da 'yan Amurka a fage ɗaya, bai taɓa zama abin zance a bakin tafki ba.

Abin da ya rage shi ne wasannin da ake yi ido da ido, kuma a nan ta yi fice ƙwarai. Soulcalibur, wasan takubba, ya zo da hoto mai tsabta da motsi mai laushi irin wanda idon da ya saba da PlayStation ta farko bai taɓa gani ba. Power Stone 2 yana ɗaukar mutum huɗu a lokaci guda, abin da ya yi wa mai shago daɗi ta fuskar lissafi. Crazy Taxi kuwa, inda direba ke ɗaukar fasinja ya keta kasuwa da matakala domin ya isa kafin lokaci ya cika, bai buƙaci tafinta ba ga yaron da ya tashi yana ganin 'yan kabu-kabu. Shenmue, wanda Yu Suzuki ya kashe dukiya mai yawa wajen yin sa, kuma wanda Turawa ke ɗauka shi ne kambin na'urar, bai karɓu a shago ba, domin labari ne mai tsawo na mutum ɗaya, ba kuwa mai barin yaro ɗaya ya riƙe benci yini guda yana yawo yana tambayar mutanen unguwa.

Amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, ga mutanen wannan ƙasa, shi ne Sega Bass Fishing, wasan kamun kifi, wanda aka yi wa abin riƙewa na musamman mai siffar sandar fatsa, da marfin naɗe zare a gefe, yana jin motsin hannu in ka wurga, yana kuma karkarwa in kifi ya kama. A duba wannan al'amari da idon basira: ga ɗan Sarkawa, wanda ubansa ke kwana a kan ruwa da taru da mamari, wanda ya san lokacin da giwan ruwa ke hawa da inda ƙarfasa ke taruwa, a daidai shekarun da hukuma da Jamusawa masu aikin raya su a tafkin ke faman hana jan tarun dala domin kifi ya fara ƙaranci, an miƙa masa sandar roba an ce ya kama kifin da ba a ci, ba a banda, ba a kai shi kasuwar Yelwa, iyaka a auna nauyinsa a rubuta masa maki. Masu ƙirar wasan sun ɗauko al'adar mawadatan Amurka, waɗanda ke su domin nishaɗi da gasa, galibi ma su mai da kifin ruwa bayan sun auna shi, wanda a wurin masuncin Kainji wannan ya fi kusa da taɓin hankali. Duk da haka ni a ganina masu ƙirar sun fahimci abu ɗaya na gaskiya game da su, wato wannan ɗan lokaci da zare ke tsakanin tsinkewa da riƙewa, inda hannu ke yanke hukunci kafin hankali, kuma shi ya sa wasan ya ci sunansa ko a wurin wanda ya san ainihin abin.

Dalilin da ya hana ta yin saiwa a gidajen gem namu bai da alaƙa da DVD ko da lissafin kamfanoni, ƙwallo ce. Kamfanin EA mai FIFA ya ƙi yi mata wasa ko ɗaya, Winning Eleven na Konami ma bai taɓa hawa kanta ba, alhali tun bayan zinaren Atlanta na 1996 babu abin da matashin Nijeriya ke so irin ya ɗauki Kanu da Okocha, musamman Tijjani Babangida, wanda a cikin wasan aka ba shi gudun da ba mai tsaron baya da ke kamo shi. Tana da Virtua Striker 2 da Sega Worldwide Soccer, amma ba su kama ƙafar wancan ba, shagon da ba ƙwallo kuwa 'yan kallo ne ke cika shi, ba masu biya ba.

Sa'an nan ga lalurar jiki. Faifanta na asali wani iri ne na musamman mai ɗaukar fiye da sidi na yau da kullum, wanda aka yi domin a hana satar fasaha, amma tun a tsakiyar 2000 wasu suka gano wata kafa da ke sa ta karanta kwafaffen sidi ba tare da an buɗe cikinta an sa mata komai ba. Ba don wannan kafa ba da ba ta yi ko wata guda a shagunanmu ba, tunda faifan asali ba ya samuwa, sai dai kwafaffen yana wahalar da idon na'urar, ƙurar hunturu ta ƙara nata, har ta fara gurnani tana komawa farko ana tsakiyar faɗa. Masu gyaran rediyo suna da kayan PlayStation a cikin kwali saboda yawanta, ta Sega kuwa in idonta ya mutu sai an sami wata gawar an cire, kuma in ɗan batirin cikinta ya ƙare, duk kunnawa sai ta nemi a saita mata kwanan wata daga 27 ga Nuwamba 1998. A haka suka ƙare ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin teburan masu gyara, PlayStation 2 ta gaje benci, daga bisani gidajen kallon ƙwallon Turai suka janye rabin jama'ar.

A Japan an ci gaba da fitar mata da wasanni da izinin kamfanin har 2007, kuma masu sha'awa a ƙasashe dabam-dabam har yanzu suna ƙirƙira mata sababbi. Yaran da suka yi layi a kanta a nan yanzu magidanta ne, wasu malaman makaranta, wasu dillalan kifi da albasa, kuma akwai manhajoji irin su Redream da Flycast da ke kunna wasanninta a wayar hannu, ga wanda wayarsa ke da ƙarfi kuma ya sami inda zai yi caji.