Likitoci biyu 'yan Viyana da ciwon ji da kai

Tun fil azal, mai tsananin ji da kai sai dai a yi masa nasiha, ko dangi su gaji su sa masa ido. Likitocin ƙwaƙwalwa sun ƙara mai da hankali kan lamarin a 1914, da Sigmund Freud na birnin Viyana ya rubuta maƙala a kai. A ganinsa kowane jariri da son kansa yake farawa, ciwon kuwa shi ne mutum ya girma bai iya karkata wannan so ga wani ba.

Mulkin Nazi ya tarwatsa likitocin Viyana, muhawara kan ciwon ta yi ƙaura zuwa Amurka. Heinz Kohut ya sauka Chicago, Otto Kernberg kuwa yana yaro iyayensa suka gudu da shi Chile a 1939, daga baya ya zauna New York. Kohut, a littafinsa na 1971, ya ce irin wannan mutum yaro ne da bai samu kulawar iyaye ba, don haka lallashi da fahimta ne maganinsa. Kernberg a 1975 ya ƙi yarda: ƙarƙashin fankamar akwai fushi da hassada, dole likita ya fuskanci majiyyaci da su.

Abin da duka biyun suka gani a ɗakin duba marasa lafiya shi ne abin tausayin. Majiyyacin ba ya zuwa ya ce girman kai ke damunsa. Zuwa yake da baƙin ciki, aure ya mutu, an sallame shi daga aiki. Gyara ɗaya maigidansa ya yi masa a takarda, ya kwana bai runtsa ba, washegari ya ɗaura gaba da kowa. Matarsa ta yi shekaru tana auna kowace kalma kafin ta furta.

A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon a kundinta na cututtukan ƙwaƙwalwa, DSM. An so cire shi kafin bugun 2013, likitoci suka yi ca, aka bar shi. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya bi wata hanya, wadda ta fi kusa da gaskiya: likita ya auna yawan ɓarnar da halin ya yi wa aikin mutum da zamansa da jama'a.