Farfesa Anthony Epstein da Ƙwayar Cutar da ke Haddasa Sankara

Wannan karon na ga ya kamata in kawo mana tarihin wani masanin binciken cututtuka ɗan Birtaniya, Sir Anthony Epstein, wanda aka haifa a 1921 ya kuma rasu a watan Fabrairun 2024 yana da shekara 102. Ni dai injiniya ne ba likita ba, amma aikinsa ya shafe mu, domin ciwon da ya yi bincike a kai ciwon yaranmu ne na Afirka.

Asalin maganar daga Yuganda ta taso. Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya lura da yara da yawa da muƙamuƙinsu ke kumbura cikin gaggawa, ya rubuta bayanin ciwon a 1958, shi ya sa har yau ake kiran sa sankarar Burkitt. A watan Maris na 1961 ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex da ke Landan, inda ya nuna cewa ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da yawan ruwan sama. Epstein yana cikin masu sauraro, kuma da yake a lokacin yana nazarin wani bairos da ke sa wa kaji sankara, nan take ya yi zargin akwai bairos a cikin wannan al'amari. Suka shirya a riƙa aiko masa da tsokar marasa lafiya daga Kamfala ta jirgin sama.

Fiye da shekara biyu yana nema bai ga komai ba. Sai a watan Disamban 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgin zuwa Manchester, saƙon ya iso a makare, ruwan da tsokar ke ciki ya yi gurɓi-gurɓi kamar ya lalace. Wani da zubarwa zai yi. Shi kuwa ya duba, sai ya tarar ƙwayoyin sankarar ne suka ɓalle suna yawo a raye, daga nan ya samu hanyar renon su a ɗakin gwaji. Da aka sa su ƙarƙashin madubin da ke aiki da lantarki, wanda ke nuna abin da madubin haske ba ya iya nunawa, sai ga bairos ɗin. An buga sakamakon a mujallar The Lancet a watan Maris na 1964 da sunan mutum uku: Epstein, da Yvonne Barr, da Bert Achong ɗan asalin Trinidad. Sunan biyun farko aka raɗa wa bairos ɗin, wato Epstein-Barr, abin da a ganina an ɗan tauye Achong, tunda shi ma ya sha aikin madubin.

Shi ne bairos na farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam, kuma ba a yarda da shi nan da nan ba. Abin da ya daɗa rikita masana shi ne, sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da shi ba tare da ya yi musu illa ba. Daga baya aka fahimci cewa a Afirka yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ne ke taya shi, tare da wata musanya da ke faruwa a ƙwayoyin gado, galibi tsakanin na 8 da na 14. A 1997 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Tasirin binciken ya bazu ƙwarai. An gano hannun bairos ɗin a sankarar bayan hanci da ta yi yawa a kudancin Sin, da wasu nau'o'in sankarar tumbi. Harald zur Hausen, wanda ya sami kyautar Nobel a 2008 kan bairos ɗin sankarar bakin mahaifa, shi ma ya yi aiki a kan wannan bairos. Epstein kansa bai sami Nobel ba. Ya zama farfesa a jami'ar Bristol a 1968, aka ba shi sarautar Sir a 1991. Ya yi shekaru yana neman rigakafi, ya gwada a jikin birai, amma har yanzu babu wanda aka amince da shi.

Nijeriya ma tana cikin tarihin. Ƙwayoyin da ake kira Raji, waɗanda ɗakunan gwaji a duniya ke amfani da su, daga wani yaro aka samo su a Ibadan a 1963. A can ne kuma Victor Ngu ɗan Kamaru ya yi aikin maganin ciwon da ya kai shi ga kyautar Lasker a 1972.

Mu da ake bugo wa waya daga gida neman kuɗin magani, ya kamata mu san ciwon nan yana cikin sankarar da ta fi saurin girma, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yakan iya ninkawa, amma yana jin maganin asibiti sosai. Idan aka ce muƙamuƙin yaro ko cikinsa ya kumbura, ko haƙoransa sun fara girgiɗi ba dalili, a ce su kai shi babban asibiti a yanki tsoka a duba, kada a tsaya shafe-shafe ko cire haƙori.