Daga Faifai zuwa Kwamfuta: Tarihin Neman Sauti Tsantsa

A shekarar 1982 ne kamfanin Sony na Japan da Philips na Holan suka fito da faifan CD, wanda ke adana sauti a matsayin lambobi. Ana auna sautin sau 44,100 cikin kowace daƙiƙa. Tun daga lokacin aka san kwamfuta za ta iya ɗaukar kiɗa, sai dai rumbunta ya yi kaɗan, domin minti ɗaya na CD yana cin kimanin megabait 10.

Masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su suka jagoranci samar da tsarin MP3, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1993. Hikimarsa ita ce zubar da sautukan da kunne bai cika kamawa ba, har nauyin waƙa ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Manhajar Winamp a 1997, Napster a 1999 da iPod a 2001 suka baza shi a duniya. A Nijar ma, wannan rashin nauyi ne ya sa waƙoƙin farko na Mdou Moctar suka yi ta yawo daga waya zuwa waya.

Amma ma'abota sauti tsantsa ba su gamsu ba, domin abin da aka zubar ba ya dawowa. A 2001 Josh Coalson ya fitar da tsarin FLAC, mai rage nauyin waƙa da kusan rabi ba tare da asarar komai ba. Saura matsala guda: hayaniyar lantarki da ke cikin kwamfuta tana gurɓata sauti. Saboda haka aka koma ga DAC, na'urar da ke mayar da lambobi sauti, ana haɗa ta daga waje ta USB. A 2021 Apple Music ya fara ba masu sauraro kiɗa marar asara.

Wannan tarihi yana nuna wa mai farawa hanya: ya kwafi fayafayensa zuwa FLAC, ya nemi DAC da lasifika masu kyau, ya kuma ajiye kwafi na biyu, domin rumbu yana lalacewa. Mayar da MP3 zuwa FLAC kuwa wahalar banza ce. Nauyi zai ƙaru, sauti yana nan yadda yake.