Garin furen ƙudan zuma: sunaye da yawa, amma babu na kimiyya

Idan ka ɗauki kwalbar nan da ake tallatawa a matsayin ƙarin abinci, wadda aka rubuta "bee pollen" a jikinta, ka duba ko za ka ga sunanta na kimiyya, abin da za ka tarar galibi shi ne Apis mellifera. To wannan ai sunan ƙudan zuman ne, ba na abin da ke cikin kwalbar ba. Kamar a tambaye ka wane hatsi ne a buhu, ka ba da sunan ɗan dako.

Abin da ke ciki garin fure ne, irin bununin da manomi ke gani yana zuba daga kan masara. Ƙudan zuma na tattara shi, ya cuɗa da ruwan fure, ya dunƙule a ƙafafunsa na baya ya kai amya. Tunda daga furanni barkatai yake ɗebowa, gwargwadon wuri da lokacin shekara, babu suna ɗaya na Latin da zai iya ɗaukarsa.

Ruɗanin ya tsufa. Aristotal, masanin Girka, ya kira abincin nan da ƙudan zuma ke ajiyewa "kerinthos". Pliny na Roma ya lissafa sunaye har uku a kansa: erithace, sandaraca da cerinthus. Suna ganin ƙwaron yana shigowa da ɗan curi rawaya a ƙafa, amma ba su san mene ne aikinsa a jikin tsiro ba. Sai a 1694 Rudolf Camerarius ya nuna a Jamus cewa idan aka cire ɓangaren namiji na fure, tsiron ba ya yin iri mai kyau. A 1751 Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa kalmar "pollen" a ilimin tsirrai, wadda a Latin ma'anarta lallausan gari ce kawai. Wato idan Bahaushe ya ce "garin fure", bai kauce daga asalin kalmar ba ko kaɗan.

Duk da haka manyan masana sun ci gaba da tafka kuskure, kuma sunan da suka ba shi ya nuna hakan. Réaumur na Faransa ya ɗauka curin nan ɗanyen kaki ne, da shi ake gina saƙa. Wanda ya warware maganar shi ne François Huber na Janeba, makaho ne kuwa, hadiminsa François Burnens ne idonsa. Sun kulle ƙudan zuma, suka ba su zuma ko sukari zalla, sai ga shi sun yi saƙa ba tare da garin fure ba. Kaki daga jikin ƙwaron yake fitowa. Garin fure kuwa abincin gina jiki ne, musamman don renon 'ya'ya.

Shi kansa sunan ƙudan zuman bai tsira ba. A 1758 Linnaeus ya sa masa mellifera, wato mai ɗauko zuma. A 1761 ya ga ai ba zuma yake ɗaukowa ba, haɗa ta yake yi, sai ya canza zuwa mellifica. Dokar sunaye ta ce na farko ne ke tsayawa, don haka kuskuren ya zauna har yau. Namu na Afirka ta Yamma shi ne Apis mellifera adansonii.

Da abin ya zama haja a ƙarni na 20, sai kasuwa ta haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Akwai curin da ake kankarewa daga ƙafar ƙwaron da tarko a bakin amya. Akwai wanda ya riga ya shiga saƙa ya yi tsami, wanda Rashawa ke kira "perga". Akwai kuma waɗanda ƙudan zuma bai ma taɓa su ba: "pu huang" na maganin gargajiyar Sin garin furen kacala ne da mutane ke kaɗewa, Cernilton na Suwidin kuma da inji ake girbe shi daga ciyayi. Sakamakon binciken da aka yi a kan ɗaya ba hujja ba ne a kan sauran, amma masu talla ba ruwansu.

A nan ne maganar suna ta wuce gardamar malamai. Mai borin jini da wani fure yana iya samun mummunar matsala, har da toshewar numfashi, alhali kwalbar ba ta faɗi furen da aka ɗebo ba. Sanin hakan sai an sa garin a madubin ƙara girma, domin kowane tsiro da siffar ƙwayar garinsa. A 2014 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kan wani maganin rage ƙiba mai suna Zi Xiu Tang Bee Pollen. Da aka gwada shi, an samu sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwar ƙasar tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ba a rubuta shi a jikin kwalbar ba.