Tiraka a Motar Bashi: Ina Iyakar Haƙƙin Mai Kuɗi?

Damagum, hedkwatar ƙaramar hukumar Fune, tana kan babban titin da ya taso daga Kano ya ratsa Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri, kuma abincin gidaje da dama a garin daga tuƙi yake fitowa. Tun da aka hana hawa babura a manyan garuruwan Yobe a 2012 saboda rikicin Boko Haram, Keke Napep da ƙananan motocin haya suka ɗauki nauyin zirga-zirga. Da yawa daga cikin direbobin ba kuɗi hannu suka saya ba. Mai hali ne ke sayen keke ko mota 'yar Kwatano, ya ɗora ribarsa, ya miƙa wa direba bisa sharaɗin ya riƙa kawo balas kullum ko duk mako har kuɗi su cika, sannan a ba shi takardu. Banki ba ya kallon irin wannan direba, don ba shi da albashi, ba shi da takardar filin da zai jinginar.

A da, mutum ne ke tsaya wa mutum. Kawu ko mai unguwa ko shugaban tasha zai ce, "Alhaji, ba shi, yaronmu ne, in ya gudu ka neme ni." Yanzu wata 'yar na'ura ta fara karɓe wannan aiki a cinikin motoci na Najeriya, wato tiraka, kuma abin da ya kama kasuwa a Legas da Kano ba ya daɗewa bai iso Potiskum ba.

Girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Mai wayarin zai sa mata layin waya, ya ɓoye ta a bayan dashbod, ya yanke wayar da ke kai wuta ga famfon mai ya bi da ita ta cikin na'urar. Daga nan mai kuɗi na iya buɗe wayarsa a ɗakinsa ya ga inda motar take, inda ta kwana, da tsawon lokacin da ta tsaya a ƙofar wani gida. Da saƙon tes guda kuma zai iya hana ta tashi.

Dole a yi wa mai kuɗi adalci. Ana sace motoci, ana kuma tsallaka iyaka da kayan mutane, ga Nijar kusa. Tiraka na rage masa fargaba, har ya yarda ya ba wanda ba shi da kowa a gari, wanda a tsohon tsari ba zai taɓa samun mai tsaya masa ba. Wannan alheri ne na gaske.

Sai dai haƙƙin mai kuɗi a kan motar yake, bai kai kan rayuwar direba ba, na'urar kuwa ba ta san wannan bambanci ba. Taswirar tafiyar mota ita ce taswirar sirrin mai tuƙa ta: asibitin da yake kai iyalinsa, gidan da yake neman aure, malamin da yake zuwa wurinsa, taron siyasar da ya halarta. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shafi balas ba. A yankin da ya sha fama da rashin tsaro, sanin cewa mota kaza kan taso daga kasuwar shanu ta Potiskum da yamma ɗauke da fatake, labari ne da zai iya jawo asarar rai in ya faɗa hannun da bai dace ba. Kuma sau da yawa lambar sirrin tirakar na hannun mutum fiye da ɗaya: maigida, yaronsa, da mai wayarin da ya ɗaura ta.

Amurka ta riga ta ɗanɗana wannan. A 2010, a birnin Austin na jihar Texas, wani ma'aikaci da aka sallama daga kamfanin sayar da motoci ya shiga manhajar kamfanin ta intanet, ya hana motoci fiye da 100 tashi ko ya sa hon ɗinsu ya yi ta kuka. A 2014 jaridar New York Times ta ruwaito cewa an ɗaura irin wannan na'ura a motoci kusan miliyan 2 na masu raunin biyan bashi, har wasu suka yi ƙorafin an kashe musu mota suna cikin lalura. Jihar Kalifoniya ta wajabta wa dillalan da ke sayarwa bashi su sanar da mai saye a rubuce, su kuma yi gargaɗi kafin su kashe.

Najeriya ma ba ta rasa doka ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce a sanar da mutum abin da ake tattarawa a kansa da dalili, kada kuma a tara fiye da buƙata. Akwai kuma tsohuwar dokar sayen kaya biyan kaɗan-kaɗan ta 1965, wadda ta ce in mai sayen mota ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, ƙwace ta sai ta hanyar kotu. Kashe mota daga nesa ƙwace ne a aikace, tunda motar da ba ta tashi ba ta kawo balas, direban kuma bashinsa ƙaruwa yake a ranar da aka hana shi nema. A jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci, hujjar ta ƙara ƙarfi: suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin sirrin mutane.

Hukumar kare bayanai tana Abuja, da wuya direban Damagum ya kai kukansa can. Wadda ke kusa da shi ita ce ƙungiyar direbobi ta tasha, wadda dama ita ke shaida irin wannan ciniki. Tana da ikon cewa ba za ta sa hannu a yarjejeniya ba sai an rubuta cikin Hausa cewa akwai tiraka, da sunan wanda zai riƙa dubawa, da kwanakin gargaɗi kafin a kashe, da haramcin kashe motar da ke kan hanya ko ta tsaya a daji tsakanin Damagum da Ngelzarma da fasinja a ciki. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne na ranar biyan ƙarshe. A ranar da za a miƙa takardu, a kira mai wayarin ya cire na'urar a gaban shaidu, ko a damƙa wa direba layin da lambar sirrin, a kuma goge tarihin tafiye-tafiyensa daga wayar tsohon maigidansa.